Kan Kare Ɗaya, Garuruwa Biyar

Wai tambayarka ke nan, yaro: tunda duk haukan kare ne, mene ne na wahalar rubuta garin da aka samo kowane kai? Da kana ajiye wayar nan in ina aiki, da ba ka tambaya ba.

Ƙwayar cutar nan RNA ce, wato zaren da ke ɗauke da bayanan halittarta, haruffanta wajen 12,000, kuma tana yawan kuskure wajen kwafar kanta daga wannan kare zuwa wancan. Kurakuran nan muke karantawa, galibi a wani sashe na zaren da ake kira N, mu gane dangantaka. Ta karnukanmu yawanci zuriyar da ake kira Africa 2 ce, irin ta Nijar, Chadi da Kamaru. In ka ga ta Zariya ta yi kama da ta Filato, sai ka tuna da fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki da ke Filato. Kwalbar da babu sunan gari na gaskiya a jikinta, me za ta gaya maka?

Ciro ƙwaƙwalwar kare ba sai na koya maka ba. Ka yi riga-kafi, ka sa safar hannu, kada na ga fomalin, sinadarin nan na adana gawa, kusa da samfurina.

Akwai wani ɗan kamasho da nake biya kuɗi a kan kowane samfur. Mutum mai fara'a, kullum "ranka ya daɗe" a bakinsa. Ya kawo kwalabe a kula cike da ƙanƙara, kowace da takarda manne: Giwa, Soba, Maƙarfi, Hunƙuyi, Ikara. Har kuɗin mai na ƙara masa. Na zuba musu sinadaran da aka sayo da dala, na riƙa kwana da janareta don kada firiza ta saki, muka tura waje aka karanto. Sakamako ya dawo, biyar ɗin nan ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Ɗalibin da nake yi wa aikin har ya fara murna, wai ya gano zuriya ɗaya ta mamaye arewacin Kaduna. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na matsa wa yaron da ke riƙe wa ɗan kamashon kula, sai ga zance: kare ɗaya ne aka kashe a Sabon Gari, ɗan kamashon ya raba ƙwaƙwalwar gida biyar.

Ɗalibin ya ƙara shekara, ni na biya sinadarai daga aljihuna. Har yau ina ganin mutumin a Tudun Wada bisa sabon babur, yana ɗaga min hannu.

Ku yaran yanzu so kuke ku zauna gaban kwamfuta kuna zana bishiyar zuriya. Gobe kai za ka je Giwa da ƙafarka, ka rubuto unguwa, ranar da aka kashe karen, da wanda ya ciza.