Ki tsallaka titi ki kalli shagonki da idon mai wucewa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu da na rufe shago na samu zama. Kin ce wata huɗu ke nan da kika kama shago a Samaru, nan Zariya, rabi kayan masarufi rabi abinci, kin zuba jarinki kaya sun cika, amma sai mutane su wuce ki su shiga na maƙwabcinki alhali farashinku ɗaya, kina tambaya ko akwai wata dabara ta jera kaya. Akwai ta. Waɗanda suka ce ki dage da addu'a gaskiya suka faɗa miki, arziki na Allah ne. Ni kuma zan ƙara miki da abin da idona ya gani, shekara 13 ina riƙe da shago a Tudun Wada, shida daga ciki da wurin abinci a gefe.

A shekarata ta farko halin da kike ciki shi nake ciki. Wata rana kawuna, wanda ya tsufa a kasuwar Sabon Gari yana sayar da kayan masarufi, ya zo duba ni. Ko zama bai yi ba ya ce in biyo shi. Muka tsallaka titi muka tsaya a inuwar wata bishiyar dogon yaro, ya nuna shagona da baki ya ce, "To faɗa mini, me ake sayarwa a wancan shagon?" Na ɗaga ido. Abin da na gani a bakin ƙofa bokiti biyu ne, da tsintsiya, da kiret ɗin lemo babu komai a ciki, da bencin da nake zama. Cikin shagon kuwa duhu, kamar bakin rijiya. Madara da sukari da taliyar da na kashe kuɗina a kansu duk suna can ƙurya. Kawu ya ce, "Ke kin san abin da ke ciki domin ke kika sayo. Wanda ke wucewa a bayan mai acaɓa fa, wa zai gaya masa?" A ranar muka fitar da komai waje muka sake jeri, sai bayan isha'i muka gama.

Saboda haka kafin ki sayi sabuwar kanta ko ki kira kafinta, gobe ki tsallaka titi ki kalli shagonki. Ki yi haka sau uku: da safe, da azahar, da bayan magariba, domin shago ɗaya fuska uku gare shi a wuni. Abin da kika kasa ganewa daga can, mai saye ma ba zai gane ba.

Bakin ƙofa shi ne tallarki. Kada ki bar masa shara da kujera, kuma kada ki toshe shi da buhuna har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Abin da aka fi nema kullum shi za ki sa a gaba. A wurinki ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ne manyan masu sayayya, to Indomie da ƙwai da burodi da madarar leda da ruwan sha su ya kamata su fara yi wa mutum sallama. Ki ɗaura igiya daga wannan gefe zuwa wancan ki rataye jerin Cowbell da Milo na leda, kala-kala, ana hango su daga nesa. Kuma ki haɗa abokan tafiya wuri ɗaya. Lipton da sukari da madara gida ɗaya suke. Taliya da tumatirin gwangwani da Maggi da man gyaɗa su ma haka. Wanda ya zo sayen abu ɗaya, idonsa zai tuna masa da na biyu ba sai kin buɗe baki ba.

A kan kanta, tsakiya daidai idon babba shi ne wurin abin da kike son ya tafi, mai ɗan riba. Masu nauyi su sauka ƙasa, kwalaye da abin da ba a cika tambaya ba su hau sama. Alewa da biskit daidai idon yara, amma ta gefen da kike zaune kina gani. Kowane gwangwani fuskarsa ta kalli waje. In jari ya yi ƙasa kada ki bar kanta da giɓi kamar bakin tsoho, ki jawo kayan zuwa gaba-gaba su yi layi ɗaya a cike. Kanta uku cikakku sun fi shida da rabi-rabi. Na san masu jera kwalayen da babu komai ciki don a ce shago ya cika. Ni ba na yi, domin ranar da wani ya ce a sauko masa da kwali ɗaya kunya za a sha.

Akwai kuskure biyu da suka ci mini kuɗi, ba na so su ci naki. Na farko, na taɓa jera Omo da sabulun wanka a kanta ɗaya da sukarin da nake ƙullawa a leda. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta dawo mini da ƙulli biyu a cikin gefen mayafinta, ta miƙo mini ta ce, "'Yata, sansana." Ƙamshin sabulu ne tsantsa, ta ce kokon jikokinta gaba ɗaya ta zubar. Sukari da fulawa da garin kwaki da biskit suna jan wari. Sabulu, turare, maganin sauro, kananzir, duk ki ware musu bango nasu daban, can ƙasa, nesa da abin da ke shiga baki. Na biyu, in sabon kaya ya zo na kan ɗora shi a gaba don gaggawa, tsohon yana ta komawa baya, har na tarar da gwangwanayen madara da kwanan watansu ya wuce a ƙurya. Yanzu doka ce a shagona, sabo baya, tsoho gaba. Kuma tun wurin sari, ko a Sabon Gari ko a kasuwar Singa ta Kano, nake duba kwanan wata da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kafin a ɗora mini kwali.

Sai maganar yanayin garinmu, wadda masu ba da shawara daga nesa ba sa kawowa. Ki lura da inda ƙofarki ta fuskanta. In yamma take kallo, daga la'asar rana za ta shigo miki har tsakar shago. Rana tana kashe kalar leda har sabon kaya ya koma kamar tsoho, tana narkar da bota da cakulan, tana canza ɗanɗanon man gyaɗa da ke cikin gora. Abin da za ki fitar waje ki yi masa rumfa, ko ki fitar da kaɗan kina sauyawa. Da hunturu, daga wajen Nuwamba har Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba, balle ke da kike kusa da titin Sakkwato inda manyan motoci ba sa ɗaukewa. Tsumma biyu nake ajiyewa, busasshe da mai ɗan danshi, ana goge kanta safe da yamma, kuma a yayyafa ruwa a ƙofar shago kafin a share. Mutum in ya ɗauki gwangwani ya ga shatin yatsansa a kan ƙura, ya riga ya yanke hukunci cewa kayan sun daɗe, ko da jiya aka kawo su. Da damina kuma, musamman watan Agusta, siminti yana tsattsafo da danshi. Buhun shinkafa, sukari ko gishiri kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, ki sa katako a ƙarƙashi.

Jerin ma yana bin lokaci. Hunturu na shigowa Vaseline da man kaɗanya da Robb su dawo gaba. Azumi na matsowa dabino da sukari da kayan shayi su karɓi wurin. Makon da ɗalibai ke dawowa daga hutu, bokiti da tsintsiya da kofi da ashana da kwaɗon ƙofa su fito fili. Kuma kada ki gina jerinki kacokan a kan ɗalibai. Yajin aikin jami'o'i na 2022 wata takwas ya ɗauka, masu shaguna a Samaru da Kongo, inda harabobin jami'ar suke, sun ji a jikinsu. Ki bar kusurwa ɗaya ta matan unguwa, mai gishiri da daddawa da kuka da ƙulle-ƙullen naira kaɗan, su ne ba sa tafiya hutu.

Yanzu ɓangaren abinci, inda na fi so ki natsu. A nan ido ne ke fara ci kafin baki, kuma idon mai cin abinci tsafta yake nema kafin daɗi. Ki raba shi da kayan masarufi ko da da labule ne ko falle ɗaya na katako, don tururi da maiƙo ba sa shiri da kwali. In kina da hali ki sayi akwatin gilashin nan da muke kira shogilas, ki sa shi inda mai wucewa zai hango. Amma gilashi amana ne. Wanda ya yi dusu-dusu da maiƙo, ko aka ga ƙuda ɗaya yana yawo a ciki, gara babu shi. Ƙuda ɗaya a cikin gilashi ya fi goma a waje ɓata ciniki, domin mai kallo ya san a kan naman ya kwana yana sauka. Ki duba kusurwoyi da bakin murfin, in akwai kafa a toshe, ƙofarsa kuma ta kasance ta gefenki ba ta gefen titi ba.

Kada ki zuba soyayyen abu da zafinsa ki rufe gilashi nan take. Tururi zai taru ya zama zufa a jikin gilashin, ya ɗiga a kan samosa da fanke su yi laushi. Ki bari su sha iska kaɗan a ƙarƙashin raga tukuna. Kuma kada ki tula duk abin da kika soya. Ni faranti farare nake sawa, kaza a ɗaya, kifi a ɗaya, ƙwai a ɗaya, kowanne kaɗan a jere, in ya ragu a ƙaro. Farin faranti yana fito da kalar abinci, kuma ba ya ɓoye datti, dole ki wanke. Fitilar ciki ki sa mai ɗan ruwan ɗorawa, tana sa suya ta yi kyau. Shuɗiya ko koriya da wasu ke sawa don ado tana mai da nama kamar ya kwana. Tunda wuta ba ta zama, ki tanadi ƙwan fitila mai caji ko ƙaramar sola, guda a gilashi guda a bakin ƙofa. Cinikin Samaru da yawansa na bayan magariba ne, shagon da ya fi haske shi ake nufa.

Shinkafa da miya da tuwo ba kayan baje koli ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, a ma'aunin Salsiyas. A zafin bazarar Zariya, watan Maris da Afrilu, ba sai an gaya miki ba, alale da miyar taushe kafin la'asar sun fara tsami. Su zauna a kula mai murfi ko a kan garwashi. Kulolin su zama wankakku fes har waje, a jere a kan tebur mai leda, kowace da cokalinta. Hannun da ya karɓi kuɗi kada ya taɓa nama. Zoɓo da kunun aya cikin ƙanƙara, ki fito da gora ɗaya ko biyu kawai a matsayin alama, ki riƙa mayarwa kina sauyawa, kunun aya ba ya jure zafi ko kaɗan.

Wani abu da ya canza mini ciniki fiye da yadda na zata shi ne allo da alli. Mutanenmu suna da kunya. Ɗalibi da kuɗinsa ƙididdigaggu ba zai tsaya gaban abokansa ya tambayi farashin faranti sannan ya juya ba, gara ya wuce tun farko. Ki rubuta abin da kika dafa yau da kuɗin kowanne, da manyan baƙaƙe, ki jingina a waje. Alli na ce, domin farashi yanzu ba ya zama wuri ɗaya, gogewa kawai za ki yi. Abin da ya ƙare ki share shi nan take. Lambar asusunki ma ki manna ta inda ake gani. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da turawa ta waya, wani in bai ga lamba ba ba zai tsaya ba.

Ki yi ado da kayanki iyakar iyawarki, amma abin da ke sama ya zama irin na ƙasa. Kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Kazar jiya kada ta shiga tsakiyar ta yau. In ta kwana lafiya ki faɗa wa mai saye ki rage masa kuɗi, in kina shakka ki haƙura da ita. A unguwa kike ciniki, wanda kika sayar wa yau shi ne zai dawo gobe, kuma ɗaki ɗaya na ɗalibai in mutum ɗaya ya yi ciwon ciki, duk layin sun ji.

Ba sai kin yi duka a rana ɗaya ba. Ki fara da bakin ƙofa da fitila da allo, su ba sa cin kuɗi sosai. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta cinikin kowace rana na mako biyu kafin ki sake taɓa wani abu, don ki san wane canji ne ya yi aiki. In kin tsallaka titin gobe ki ɗauki hoton shagon daga can, ɗaya da rana ɗaya da dare, ki turo mu gani, sai in faɗa miki abin da zan fara matsarwa in da nawa ne. Ki gaya mini kuma ko gabas ƙofar take kallo ko yamma. Allah ya sa albarka a nema.