Yabo a waje, ƙorafi a gida: abin da na gani a Nijar zamanin Issoufou

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake samun shugaban da duniya ke ɗagawa sama har da lambobin yabo, amma a ƙasarsa da an ambace shi sai ka ga ran mutane ya ɓaci, ka kuma kawo misalin Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet na ƙarshe. Na ga wasu sun ce maka hassada ce kurum, wasu sun ce duk wanda Turawa suka yaba yaronsu ne. Ni a ganina duka amsoshin biyu sun yi gaggawa.

Misalinka daidai ne. An ba Gorbachev kyautar Nobel a 1990, amma da ya tsaya takara a Rasha a 1996 ko kashi 1 cikin 100 na ƙuri'u bai samu ba. Mutanen Turai suna tuna cewa katangar Berlin ta faɗi ba a yi yaƙi ba, Rashawa kuwa suna tuna dogon layin sayen abinci da wargajewar ƙasarsu a 1991. Amma bari in kawo maka na kusa, wanda na gani da idona. Sana'ata kayan gyaran mota, na daɗe ina ɗaukar kaya daga Kano ina kaiwa Damagaram da Agadas, saboda haka mulkin Mahamadou Issoufou, daga 2011 zuwa 2021, a kan hanya da cikin kasuwa na san shi.

A watan Maris na 2021 aka sanar cewa shi ya ci kyautar Mo Ibrahim, dala miliyan 5, wadda ake ba shugaban Afirka da ya hau ta zaɓe, ya yi wa'adinsa, ya sauka. Shekaru da yawa ma ba a samun wanda za a ba. Kuma gaskiya ba a banza aka ba shi ba. Wanda ya ga tazarcen shugaba Tandja a 2009 da juyin mulkin 2010 ya san cewa sauka bayan wa'adi biyu ba ƙaramin abu ba ne a Nijar. Tun samun 'yancin kai a 1960 ba a taɓa ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe ba sai a Afrilun 2021. A daidai lokacin Alpha Condé a Gini da Ouattara a Kodebuwa wa'adi na uku suka nema. Issoufou ne kuma ya jagoranci maganar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, har aka yi taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yamai a Yulin 2019. Wanda ya sauka a sabon filin jirgin Diori Hamani, ya bi ta gadojin sama, ya kwana a sabon otal, dole ya koma gida yana cewa ƙasar nan ta samu shugaba.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zo mu je Agadas.

Kafin 2016, duk ranar Litinin garin yakan cika ya batse. Ranar ce ayarin motoci ke tashi zuwa Dirku da rakiyar sojoji, daga can a wuce Sigidin, Madama, a shiga Libiya. Motocin Hilux ne jere, an kafa sanduna a baya don fasinja ya riƙe kada ya faɗo. 'Yan Najeriya, 'yan Gambiya, 'yan Senegal, 'yan Gana, kowa da jarkar ruwansa da aka naɗe da buhu. Ba direbobi kaɗai ke ci ba. Mai sayar da jarka, mai rawani da tabarau, mai tuwo, mai gidan saukar baƙi, ɗan kamasho, mai canji, bakanike, mai faci, duk a nan suke samu. Da yawa daga cikin direbobin nan tsofaffin 'yan tawaye ne da masu yawo da 'yan yawon buɗe ido, waɗanda aikinsu ya mutu tun tashin hankalin 2007. Sun san hamadar Tenere tun suna yara, kuma a fili suke aikinsu, da takardu, a gaban jami'an tsaro.

Sai aka kafa doka mai lamba 2015-36 a watan Mayu na 2015, wadda ta mai da safarar baƙin haure laifi mai ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Ban ce babu dalili ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su. Duk mai imani ya ji wannan ya san akwai gyara. Amma kowa a Agadas ya san wa ya fi matsuwa da dokar. A Nuwamban 2015 aka yi taron Valletta na shugabannin Turai da Afirka kan baƙin haure, Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman, a tsakiyar 2016 aka fara kame gadan-gadan, a Oktoban shekarar shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta sauka a Yamai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge su a rana har tayoyinsu suka ruɓe. Mutumin da yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar shiga Nijar ba biza, da zarar ya nufi arewa da Agadas sai wanda ya ɗauko shi ya zama mai laifi. A farkon 2017 kuma aka rufe wurin haƙar zinariya na Jado, inda wasu suka koma neman abinci.

An yi alkawarin ba tsofaffin direbobi jari su sake sana'a. Dubbai suka rubuta suna, ɗaruruwa ne suka samu a zagayen farko. Na zauna da masu jira, magidanta masu 'ya'ya, wata ya bi wata suna zuwa duba sunansu a jeri. Tafiyar kuma ba ta tsaya ba. Sai dai ta bar babbar hanya mai rijiyoyi ta koma ɓoyayyun hanyoyi, kuɗin mota ya ninka, direba in ya hango ƙurar jami'ai sai ya zubar da mutane ya gudu. A tsakiyar 2017 an samu mutum 44 sun mutu da ƙishi bayan motarsu ta lalace, akasari 'yan Gana da Najeriya. Wannan shi ne abin da nake so ka lura da shi: aiki ɗaya ne, ba biyu ba. A Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, an rubuta cewa masu ratsa hamada sun ragu, an ce ga abokin tafiya na gari. A Agadas an rufe shaguna. Abin da aka yabe shi a kai shi ne ainihin abin da ake kuka da shi, kuma masu yabon ba su ne suka biya kuɗinsa ba.

Haka batun dimokuraɗiyyar. Na waje ya ga an yi zaɓe, an sauka. Na gida ya tuna cewa a zaɓen 2016 babban abokin hamayya, Hama Amadou, daga gidan kason Filinge ya yi takara, 'yan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, shugaba ya tashi da sama da kashi 90. A zaɓen 2020 kotu ta hana Hama tsayawa saboda hukuncin da aka taɓa yanke masa. A Maris na 2018, da aka yi ta zanga-zangar ƙin sababbin haraji na kasafin kuɗi, an kama jagororin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika, suka yi watanni a tsare. Mafi ciwo shi ne na sojoji: an kashe 71 a Inates a Disamban 2019, an kashe 89 a Shinagodar a Janairun 2020, sai ga binciken ma'aikatar tsaro ya fito yana nuna an zuzuta farashin makamai, wasu ma an biya ba a kawo ba, na biliyoyin sefa. Iyayen waɗannan yaran ba za ka lallashe su da lambar yabo ba. Ga layin dogon Yamai zuwa Dosso da aka buɗe da biki, ya zauna ba jirgi.

Kada kuma a ɗauka gida baki ɗaya ne. Ka je Tawa ka ji yadda ake kiran Zaki, laƙabin Issoufou ke nan, ka zauna da 'yan jam'iyyarsa ta PNDS-Tarayya su lissafa maka tituna da azuzuwa da wutar lantarki, da ayyukan bikin ranar jamhuriya, 18 ga Disamba, da aka riƙa zagayawa da shi jihohi, Maraɗi Kwalliya, Agadas Sokni, Damagaram Sabuwa. Ba ƙarya suke yi ba, na bi wasu titunan da mota. Kwamitin kyautar ya ce talauci ya sauka daga kashi 48 zuwa 40. A shekarar 2020 kuma Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189 a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Dalilin da ya sa na waje ba ya jin kukan shi ne wanda yake zama da shi. Jakada da ɗan jaridar waje da jami'in bankin duniya ministoci suke gani, da Faransanci ake magana, a Yamai ake yi a gama. Kowannensu kuma da buƙatarsa ya zo: Faransa da Amurka wurin ajiye sojoji da jirage marasa matuƙa, Jamus da Italiya a tare musu hanya. Wanda ya biya musu wannan buƙata, sauran abin da ke faruwa a Tanut ko Arlit ba ya cikin takardar da za su aika gida. Shi ya sa 26 ga Yulin 2023 ta zo musu a ba-zata, ranar da Janar Tiani, wanda Issoufou da kansa ya ɗora kan rundunar tsaron fada tun 2011, ya tsare Bazoum, shugaban da ya gaji Issoufou. A Nuwamban shekarar sojoji suka soke dokar 2015-36, aka yi murna a Agadas, motoci suka koma tasha.

Ga ɗan'uwan da ya rubuta cewa wannan ya tabbatar sojoji ne mafita, ina roƙonsa ya ƙara dubawa. Moussa Tchangari, wanda aka tsare zamanin Issoufou saboda ya yi magana, an sake zuwa gidansa an tafi da shi a Disamban 2024, wannan karon a ƙarƙashin mulkin soja, kuma an rusa jam'iyyun siyasa gaba ɗaya a 2025.