Amsa ga ɗanmu da ke ɓoye Hausarsa a jami'a

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na saurari saƙon ɗanmu da ke karatu a jami'a, a nan Sudan, wanda ya ce idan mahaifiyarsa ta kira shi daga garin Gadarif yakan bar ɗaki kafin ya amsa, domin abokan kwanansa suna kwaikwayon Hausarsa suna dariya, har ɗaya daga cikinsu ya ba shi shawarar ya riƙa danganta kansa da wata ƙabilar Larabawa.

Ɗana, babu laifi ka yi Larabci kamar kowa, ka sa jallabiya da rawani, ka ci kisra, gurasar dawa ta 'yan Sudan, tare da su, domin a ƙasar nan aka haife ka, kuma waɗannan duka naka ne. Inda na ƙi shi ne ka musanta iyayenka don ka samu wurin zama a hira, saboda wanda ya karɓe ka bisa ƙarya zai ci gaba da neman wata ƙaryar, kuma ranar da mahaifinka ya kawo maka ziyara kai ne za ka rasa inda za ka sa fuskarka.

Ina zaton abin da ke raunana ka shi ne ba a ba ka labarin zuwanmu ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan, a garin da har yau ake kira Maiurno. Wasu kuma mahajjata ne da suka yi shekaru suna tafiya a ƙafa, suna tsayawa su yi noma su tara guzuri, kuma da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 guminsu ya shiga gonakin audugar yankin Jazira. Abokan naka, Allah ya shirye su, da wuya sun taɓa jin wannan. Kuma ai ba mu kaɗai ba ne: ƙabilar Beja a Kasala da Nubiyawa a arewa su ma suna da harsunansu.

Saboda haka idan Hajiya ta sake kira, ka amsa a inda kake zaune, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka koma hirarku da Larabci ba tare da faɗa ko dogon bayani ba. Idan an yi hutu kuma, ka zauna da kakanka ka tambaye shi ta wace hanya gidanku ya shigo Sudan. Wassalamu alaikum.