Tambaya da Amsa: Giwa Ma Tana da Burtalinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Duk kaka giwaye sukan fito daga Yankari, dare ɗaya su tashi da dawar da muka yi wata huɗu muna wahala a kanta. Me zai hana a zagaye dajin da waya kowa ya huta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, wannan asara ce mai ciwo.

Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne. Ko da a ce kusurwa huɗu gare shi daidai wa daida, kewayensa ya kusa kilomita 190. Waya mai lantarki mai wannan tsawo sai an bi ta kullum: ciyawar damina ta taɓa ta wuta ta zube, toron giwa ya tura itace ya kwantar da ita, wasu kuma su yanke ta su ɗana tarko da ita. Ko ta tsaya ma, wata matsalar ce za ta taso. Babbar giwa takan ci ganye da ciyawa kusan kilo 150 a rana. Garken da aka kulle wuri guda zai cinye itatuwan bakin kogin Gaji, kuma tun da baƙon toro ba ya shigowa, sai barbara ta koma tsakanin dangi, iri ya yi rauni.

Giwa tana da hanyar da uwa ke koya wa 'ya, kamar yadda shanu ke da burtali. Sau da yawa gonar da aka fi yi wa ɓarna a kan wannan tsohuwar hanya aka sare ta. Don haka aikin farko shi ne gano hanyar. Ana ɗaura wa giwa ɗaya ko biyu a garke na'urar wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, a bi tafiyarsu damina da rani. Sai a haɗa da sanin maharba da makiyaya, waɗanda suka san inda sawu da kashin giwa suke, da itatuwan da take saɓule wa ɓawo. Daga nan a zauna: hakimi, dagatai, arɗo, sarkin noma, ma'aikatan gandun daji da na ƙananan hukumomin da hanyar ta ratsa. A shata ta, a kafa turakun siminti, a rubuta a sa hannu, wanda gonarsa ta faɗa ciki a ba shi madadi ko diyya tun kafin shuka. A nan ake yawan faɗuwa. In an bar dagaci ɗaya a baya, shi zai ba da aron fili a tsakiyar hanyar, kuma toshewar wuri ɗaya ta kashe aikin gaba ɗaya. Haka in aka ƙuntata ta. Faɗin da ya ishi shanu su bi a jere ba ya isar giwa, domin ita tafe take tana kiwo.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da za ka iya a gonarka. A Kenya an gwada shingen amya, ya kuma yi aiki. Gona mai eka ɗaya tana buƙatar amya 12 da ta bogi 12, a rataye su a kan turaku, taku kamar mita 10 tsakani, ɗaya ta gaske ɗaya ta bogi, da 'yar rumfar ciyawa a sama. Waya guda ce ke haɗa su. Da giwa ta taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, ƙudan zuma su fito, ita kuwa tana tsoron harbinsu a gefen ido da cikin hannunta. Illarsa ita ce da rani, in babu ruwa da fure, zuma kan gudu ya bar amya fayau. A ajiye musu ruwa a kasko, a kuma shafa baƙin mai a turakun saboda tururuwa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Dabba ba ta san iyakar ƙasa ba, to yaya ƙasashe suke haɗa kai a kan daji ɗaya?

Amsa: 'Yar'uwa, misalin yana ƙasarku. Gandun W, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar kogin Kwara, ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gado na duniya a 1996, a 2017 kuma aka faɗaɗa ya haɗa da ɓangarorin Benin da Burkina Faso da gandunan Arli (Burkina Faso) da Penjari (Benin), jimilla hekta kusan miliyan 1.7. Nan ne giwayen Afirka ta Yamma suka fi yawa, nan ne kuma mafi yawan zakunan yankin suka rage.

Abu mafi amfani a irin wannan haɗin gwiwa shi ne ƙidaya a lokaci guda. In kowace ƙasa ta ƙirga nata a watan da ta ga dama, garke ɗaya sai a ƙirga shi sau biyu. Sai sintiri tare, da daidaita hukunci, don kada mafarauci ya yi ɓarna a nan ya tsallaka inda tara ta fi sauƙi. Sai kuma batun shanu: in gonakin auduga suka cinye burtalin da ke kewaye dajin, makiyayi ba shi da zaɓi sai ya kutsa ciki. Kare burtalin shanu kare dajin ne. Yau babban cikas shi ne 'yan bindiga da suka yi sansani a ciki, ga kuma rufe iyakar Nijar da Benin da aka yi a 2023.

Tambaya: Daga Kano nake. Maimakon wannan doguwar wahala, ba sai a kwashe dabbobin a mota a kai su wani dajin ba?

Amsa: Ana yi, ɗan'uwa, amma ba ya maye gurbin hanya. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, daga baya suka haura 600. Ba a cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke. Da damina suna kan tudu cikin kurmi, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso su ci ganye da 'ya'yan gawo, wanda ke yin kore lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. A 2018 an ɗauki guda 8 zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800, don kada annoba ɗaya ta shafe su duka. Takwas ke nan, da tsada da haɗari, domin raƙumin dawa ba ya jure daɗewa kwance cikin maganin barci. Sauran ɗaruruwan suna nan suna buƙatar kurmin tudun da masu itacen girki ke sarewa, da gawon kwarin, da wurin tsallaka titin Yamai zuwa Doso ba tare da mota ta buge su ba.