Ta ina insulin ke fitowa daga ƙwayar halitta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aikin jinya ce, kuma mahaifiyata na da ciwon suga. An koya mana cewa ƙwayoyin halitta ne ke fitar da insulin, amma an ce kowace ƙwaya a rufe take ruf da tantani. To ta ina yake fita? Sannan na ji an ce da yis ake yin insulin ɗin allura. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya. Tambayoyin naki biyu a haɗe suke, domin yis ɗin da kika ji labari shi ya taimaka aka gano amsar ta farko.

Insulin furotin ne, kuma ya fi ƙarfin ya ratsa tantanin ƙwaya. Ƙwayar kan ƙulle shi cikin wasu 'yan jakunkuna da aka yi da irin tantaninta. Jakar ta taho ta manne da bangon ƙwayar daga ciki, tantanin biyu su haɗe su zama ɗaya kamar yadda kumfar sabulu biyu ke haɗewa, sai abin da ke ciki ya tsinci kansa a waje. Bangon bai ɓule ba.

George Palade, haifaffen Romaniya da ya yi aiki a Amurka, shi ya fara bin sawun hanyar. Ya yi wa furotin alama a fankiriyas ɗin dabba, wato gaɓar da ke bayan tumbi, ya ga daga inda ake haɗa shi yana wucewa sashen Golgi, wato wurin da ƙwaya ke shirya kayanta, daga nan cikin jaka, sai waje. Ya samu kyautar Nobel a 1974. Amma abin da ke tura jakar da abin da ke nuna mata inda za ta tsaya sun kasance a duhu.

Nan ne aikin Randy Schekman ya fi burge ni. Ya fara koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1976, ya ce shi da yis ɗin burodi zai yi bincike, a lokacin da mutane da yawa ke ganin yis ba shi da abin da zai faɗa game da jikin ɗan Adam. Shi da ɗalibinsa Peter Novick suka nemo ƙwayoyin yis masu tawaya a gadonsu, waɗanda ke rayuwa lafiya a zafin digiri 25, amma da an kai su 37 sai fitar da kaya ya tsaya cak. Da suka duba, sai ga jakunkuna sun yi cunkoso a ciki. Dabararsu ita ce ƙwayar da kaya suka maƙale mata ta fi sauran nauyi, don haka ana iya tace ta daga cikin dubbai. Zuwa 1980 sun gano ƙwayoyin gado 23, wato umarnin da halitta ke gada, da ke kula da wannan jigila, kowace da matakin da take riƙe da shi.

James Rothman ya bi ta wata hanyar: ya farfasa ƙwayoyin dabbobi, ya sa jigilar ta gudana cikin kwalbar gwaji, ya ware furotin ɗin da ke sarƙe jaka da inda aka nufe ta. Da aka kwatanta, sai aka ga wasu daga cikinsu daidai suke da na yis ɗin Schekman. Thomas Südhof, haifaffen Jamus, ya nuna yadda sinadarin kalsiyam ke ba jaka izinin buɗewa a jijiyoyin da ke isar da saƙo a jiki. Su ukun suka raba Nobel ta 2013.

A jikin mai lafiya, jakunkunan insulin a cike suke suna jira. Idan aka ci tuwo suga ya hau, ƙwayar fankiriyas mai yin insulin kan rufe wasu ƙofofin fotasiyam, kalsiyam ya shigo, jakunkunan su juye cikin jini. Maganin glibenclamide da za ki riƙa gani a katin marasa lafiya waɗannan ƙofofin yake rufewa. Shi ya sa ba ya amfanar mai nau'in farko na ciwon suga, wanda ƙwayoyin nasa sun riga sun lalace, kuma shi ya sa yake iya faɗar da suga ƙasa sosai idan aka sha ba a ci abinci ba. In Hajiya na shan irinsa, ki kula da wannan, musamman da azumi.

Batun yis kuwa gaskiya ne. Ana saka masa ƙwayar gadon insulin, ya haɗa shi ya fitar ta wannan hanyar, a tace a gyara. Wasu kamfanonin da bakteriya suke yin nasu. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai shi ma a yis ake samar da shi. Babu yis a cikin kwalbar da ke hannun Hajiya. Abin da ya rage bayan tacewa insulin ne zalla.