Babur ɗina yana gardama a kwana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Bajaj Boxer da ya daɗe a hannuna. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau yake tafiya, amma da na zo shan kwana sai ya ƙi kwanciya, in na matsa masa kuma ya faɗa kwanar gaba ɗaya kamar zai zubar da ni. Wani lokacin bayansa har lilo yake yi. Bakanike ya ce a canja shokozoba. Ita ce matsalar? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen shokozoba tukuna. Alamu biyu ka faɗa, kuma ba lallai ne wuri ɗaya suka fito ba. Ƙin kwanciya sannan a faɗa kwana lokaci guda, wannan aikin taya ne ko wuyan babur. Lilon kuwa daga baya yake.

Fara da iska, don ita ce ba ta cin kuɗi. Je wurin mai faci mai geji, ba mai latsa taya da babban yatsa ba. A irin wannan babur, taya ta gaba tana son kamar 25 a ma'aunin PSI na geji, ta baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da goyo. A auna da safe kafin tayar ta ɗau zafi. Tayar gaba in ta yi ƙasa, kan babur yakan yi nauyi a kwana kamar ana riƙe shi.

Daga nan tsuguna a bayan babur ka dubi tayar baya. Sabuwar taya a zagaye take. Wadda ta sha kwalta da kaya, tsakiyarta takan cinye ta zama shimfiɗaɗɗiya, gefe da gefe kuma su yi kaifi. To idan ka kwantar da babur, sai ya hau wannan kaifin kafin ya yarda, yana wuce shi kuma ya faɗa. Abin da ka kwatanta ke nan, kusan ba ragi. Duba kuma lambobi huɗu da ke jikin tayar: 2318, misali, yana nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2018. Taya da ta wuce shekara biyar ko shida, ko da zanenta bai goge ba, robarta ta bushe, musamman a ranarmu ta nan.

In tayoyin ba su da laifi, sai wuya. Ɗora babur a kan jak ɗin tsakiya, wani ya danne bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa. Juya kan a hankali da yatsu biyu, daga dama zuwa hagu. Ya kamata ya tafi sumul. Idan ya iso daidai tsakiya ka ji ya ɗan maƙale, kamar ya faɗa wani ɗan gurbi, boris ɗin wuya ya ci mazauninsa. Ramukan hanya ne ke yin wannan, domin kullum a wuri ɗaya ƙwallayen ke dukan ƙarfen. Sai kuma ka kama ƙafafun fok, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba, daga ƙasa ka ja gaba ka tura baya. In ka ji ƙas-ƙas, wuyan ya saki. Nan ne wasu bakanikai ke yin ɓarna: su ɗaure noti tamau don ƙarar ta ɓace, wuyan ya ƙara tauri. Wanda ya yi gurbi ɗauri ba ya gyara shi, canji ne, ƙwallaye da mazauni duka, da sabon giris.

Yanzu batun lilo. Babur yana kan jak, kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe. Motsi kaɗan ma ya isa laifi. Lura da inda yake fitowa: in ƙarfen da ke riƙe da tayar ne ke motsi tare da ita, bushin ɗinsa ya mutu; in tayar kaɗai ce, boris ɗin wili ne. Bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya da sifana kana bugawa. Mai kyau takan yi ƙara tsaf, sakakkiya kuwa sai ka ji dum.

Sai bayan duk wannan a zo kan shokozoba. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. In ya taso ya tsaya, tana da sauran rai. In ya yi ta hawa da sauka, ko ka ga mai ya jiƙa jikinta, bakaniken naka ya yi gaskiya, kuma ta dama da ta hagu za a canja tare.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba: dama da hagu duk ɗaya ne? In kwanar ɓangare ɗaya ce kawai ke ba ka wahala, duba notocin jan cen, wataƙila an ja ɗaya fiye da ɗaya, tayar baya ta karkace. In kuma babur ɗin ya taɓa faɗuwa mai tsanani, a duba ko fok ya lanƙwashe. Kafin a gano bakin zaren, rage gudu tun kafin ka shiga kwana, kuma ka daina ɗora buhu can ƙarshen kariya.