Hukuncin Yaba Wa Yaron Shago A Gaban Idonsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, ina da yaron da ke koyon ɗinki a wajena. Gab da Sallah ya haɗa wani kaftani, na duba wuya da aljihu ban ga abin gyara ba, sai na ce masa a gaban mai kayan, "Lallai hannunka ya faɗa." Ranar har bayan Isha'i yana kan keke. Maƙwabcina ya ce na aikata haram, wai an ce a watsa wa masu yabo ƙasa a fuska. Na daina, yanzu jikin yaron ya yi sanyi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba ka aikata haram ba. Abin da na riƙe a zancenka shi ne yabon ya ƙara wa yaron himma, bai sa masa girman kai ba, kuma gaskiya ka faɗa. A nan hukuncin yake.

Hadisin ingantacce ne, Muslim ya ruwaito shi daga Miƙdad ɗan Aswad, wanda har tsakuwa ya watsa wa wani mai yabon Usman (R.A.). Wasu sun tsaya a kan zahirinsa suka hana duk wani yabo na gaba da gaba. Wannan fahimtar ba ta da ƙarfi. Wanda ya faɗi hadisin (S.A.W.) shi ne ya bugi ƙirjin Ubayyu ɗan Ka'ab ya taya shi murnar ilimi da ya amsa tambaya a kan Ayatul Kursiyyu. Shi ne ya ce wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais yana da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da natsuwa. Duk ido da ido. Shin zai hana abu kuma ya riƙa yinsa? Malamin hadisi Imam Khaɗɗabi ya bayyana cewa waɗanda ake nufi su ne masu mayar da yabo sana'a suna ci da shi, irin bambaɗancin da muke gani a wajen biki, a wasa mutum da abin da bai mallaka ba don ya zaro kuɗi. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676 Hijira, ya haɗa hadisan: hanin yana kan wuce gona da iri, da kuma wanda ake tsoron yabo zai ruɗe shi. Inda zai zaburar da mutum ga alheri kuwa, mustahabbi ne. Yabon ƙarya haramun ne, wannan ba saɓani.

Ka koma ga yaba masa, amma ka yabi aikin da ka gani. Kada ka ce "babu kamarka a garin nan", musamman a gaban sauran yaran shago, don kada ka shuka hassada tsakaninsu. Ka haɗa da "Allah Ya yi albarka", kamar yadda aka umarci Amiru ɗan Rabi'a bayan ya yabi Sahlu ɗan Hunaif bai sa masa albarka ba, a ƙissar da ke cikin Muwaɗɗa na Imam Malik. Ranar da ka ga ya fara raina gyara, ka sassauta.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Yaron da ya kai dare a kan keke yana da haƙƙi a kuɗin ɗinkin, daɗin baki ba ya biyan gumi. Kuma ina tsoron maganar maƙwabcinka ta bi ka har gida. Idan iyalinka ta ajiye maka tuwo, ka ce mata sannu da aiki, ka faɗi daɗinsa da bakinka.

Wallahu a'alam.